Zaman natsuwa na duniya a lokaci guda: amfaninsa da abin da ake ƙaƙaba masa

Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a wani wuri, sai sanarwa ta fara yawo a WhatsApp da Facebook: ranar kaza, ƙarfe kaza, mutanen duniya za su zauna shiru na minti 20, su rufe ido, su tattara hankali kan zaman lafiya. Wasu sukan ƙara da cewa idan aka kai wani adadi na mahalarta, tashin hankali zai ragu a doron ƙasa. A ganina zaman yana amfanar wanda ya zauna, in an shirya shi da kyau. Alƙawarin kashe wutar yaƙi daga nesa kuwa ba shi da hujjar da ta tsaya da ƙafarta, kuma masu shirya taro su daina tallata shi.

Abin ya daɗe. A ranakun 16 da 17 ga Agusta 1987 wani Ba'amurke, José Argüelles, ya kira taron da aka sani da Harmonic Convergence, mutane suka taru a wurare irin su Dutsen Shasta a Kalifoniya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da Ranar Zaman Lafiya tun 1981, aka tsayar da ita a 21 ga Satumba a 2001, kuma a Disambar 2024 ta ware 21 ga Disamba a matsayin ranar zuzzurfan tunani ta duniya, wato irin wannan zaman natsuwa. Ware rana dai ba shaida ce ta kimiyya ba.

Maganar adadi daga mabiya Maharishi Mahesh Yogi, wani malamin zaman natsuwa na Indiya, ta fito. Da farko sun ce idan kashi 1 cikin 100 na mutanen gari suna yin irin zamansu, laifuka za su ragu. Daga baya suka rage adadin sosai ga masu horo na musamman, ta yadda a lissafinsu mutum kusan 9,000 sun ishi duniya mai mutum biliyan 8. Gwajin da suka fi kafa hujja da shi an yi shi a Washinton daga Yuni zuwa Yulin 1993, da mahalarta kusan 4,000, ƙarƙashin jagorancin John Hagelin, ɗaya daga cikin mabiyan. Rahoton da suka buga a 1999 ya ce manyan laifuka sun ragu da kusan kashi 23 cikin 100. To amma ragin ba a kan shekarar da ta gabace shi aka auna shi ba, a kan hasashen da su da kansu suka yi ne na yawan laifin da zai faru in ba a zauna ba, bayan sun saka zafin rana cikin lissafi. Masanin kimiyya Robert Park ya nuna cewa kisan kai ƙaruwa ya yi a makonnin. Yawancin masu binciken 'yan ƙungiyar Maharishi ne, su suka zaɓi ma'auni, su suka fassara sakamako. Ɗan kasuwa ne ya auna hatsinsa da mudunsa, ya ce ya cika.

Inda hujja take shi ne jikin mai zaman. A 2014 mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum sama da 3,500, ta samu cewa horon natsuwa yana rage fargaba da ƙuncin rai da raɗaɗin ciwo, ragi kaɗan zuwa matsakaici. Kuma galibi shirin makonni ne ana maimaitawa, kamar na mako 8 da wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya fara a 1979. Zama ɗaya a shekara ba zai ba da wannan ba. Abin da taron duniya yake yi shi ne ya jawo wanda bai taɓa gwadawa ba, ya kuma rage wa mutum jin cewa shi kaɗai ne a cikin damuwa.

Wajen shirya taron, wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne lokaci. A rubuta shi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya da ake auna na kowace ƙasa da shi, sannan a jera garuruwa. 12:00 na UTC ƙarfe 12 ne a Akara, 1 na rana a Kano da Yamai da Injamena, 2 a Khartum, 3 a Makka, 5:30 na yamma a Indiya, 9 na dare a Tokyo. A Disamba ƙarfe 7 na safe ne a New York, a Satumba kuwa 8, saboda suna matsar da agogo lokacin bazara. Kada a rubuta "agogon Landan", domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan tana gaba da UTC da awa ɗaya. Amurka da Turai ma ba rana ɗaya suke canza agogo ba, shi ya sa a Maris ake samun mutanen da suka shigo an tashi. Babu kuma sa'ar da ta dace da kowa: wannan 12:00 ɗin ƙarfe 4 na asuba ne a Los Angeles a Disamba. Mafita ita ce kowane gari ya zauna a sa'a ɗaya ta agogonsa, abin ya riƙa zagaye duniya. A wajenmu ƙarfe 1 lokacin Azahar ne, in kuma ta faɗo Juma'a kada a sa ran kowa.

Zaman kansa bai kamata ya wuce minti 20 ga sababbi ba. Minti 3 na bayani da gyara zama, baya a miƙe, a kujera ko tabarma. Minti 5 na numfashi: shaƙa cikin daƙiƙa 4, fitarwa cikin 6, wato numfashi 6 a minti. Minti 10 na shiru, mai jagora ya yi magana sau ɗaya ko biyu kawai. Minti 2 na ƙarshe a buɗe ido a motsa gaɓoɓi kafin a miƙe. Idan ta intanet ne, a rufe makirufon kowa, kuma a sani cewa hoton kai tsaye yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa, don haka duk wanda ya ce a shaƙi numfashi tare da duniya baki ɗaya yana yaudarar kansa ne. Zoom na kyauta, wato manhajar taron bidiyo, yana yankewa a minti 40, bai kuma ɗaukar sama da mutum 100. Ga masu ƙarancin data, a tura murya da aka naɗa tun jiya, kowa ya kunna da agogon wayarsa.

Jiri da ƙaiƙayin yatsu suna zuwa ne idan mutum ya cika jan numfashi da ƙarfi da sauri. Ya koma numfashinsa na yau da kullum, zai wuce. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne mutumin da ya ga tashin hankali da idonsa, kamar 'yan gudun hijira. Shiru da rufe ido na iya dawo masa da abin da ya gani, zuciya ta riƙa bugawa. A faɗa tun farko cewa an yarda mutum ya bar idonsa a buɗe, ya kalli ƙasa, ko ya tashi ya fita, kuma a ajiye mutum ɗaya a bakin ƙofa don irin wannan. Kada a ce wa kowa ya ajiye maganin da likita ya ba shi.

Sai batun aƙida, wanda masu shirya taro kan yi shiru a kansa. Wasu tarurrukan suna ɗauke da kalmomin ibadar Hindu ko Buda da ake maimaitawa, ana kiransu motsa jiki kawai. Musulmi ko Kirista yana da haƙƙin ya ga rubutun abin da za a karanta kafin ya shiga, kuma a bar masa minti 10 ɗin shirun ya cika su da zikirinsa ko addu'arsa. In mai shiri ya ƙi nuna rubutun, ko ya sa kuɗin shiga da alƙawarin waraka, a bar masa taronsa.