Hasashen tseren Monaco: teburin maki ba shi da ta cewa a nan

Duk shekara idan makon tseren Formula 1 na Monaco ya gabato, masu sharhi da yawa kan ɗauko teburin maki, su duba ƙungiyar da ke sama, su ce direbanta ne zai lashe. Ni a ganina babu tseren da wannan lissafi yake yaudarar mai shi kamar na Monaco, domin abin da ke sa mota ta yi fice a filayen tsere irin su Silverstone na Birtaniya ko Suzuka na Japan, wato gudu a miƙaƙƙen titi da riƙe ƙasa a manyan kwanoni, kusan ba shi da amfani a titin da tsawonsa kilomita 3.337 ne kacal, mai kwana 19, wanda shingen ƙarfe ya kewaye ta ko'ina, kuma ake zagaya shi sau 78.

A 2024 Max Verstappen ya iso Monaco bayan ya lashe tsere 5 cikin 7 na farkon kakar, amma a gurbi na shida a jerin farawa ya tashi, a na shida kuma ya gama. Bajintarsa ba ta ragu ba. An ƙera Red Bull ɗinsa ne ta zauna dab da ƙasa da shokozoba masu tauri, irin wannan mota kuwa ba ta son hawa dakalin gefen kwana, alhali a Monaco wanda bai taka dakali ba lokaci yake zubarwa. Alamar ta bayyana tun 2023, shekarar da ƙungiyar ta ci tsere 21 cikin 22, wanda ya kuɓuce mata shi ne na Singapore, shi ma titin cikin gari ne, inda Carlos Sainz ya yi nasara da Ferrari. Don haka tambayar da ta kamata mai hasashe ya fara yi ita ce, wace mota ce ta fi juyawa a matsattsiyar kwana, ta kuma fi jure gargadar titi, ko da tana ta uku ko ta huɗu a tebur.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Juma'ar Formula 1 ba abar dogaro ba ce. A atisayen ranar ba wanda ya san yawan man da ke cikin tankin kowace mota, kuma wata ƙungiya kan rage ƙarfin injinta da gangan. A Monaco akwai ƙari a kan haka: da dare ana buɗe titin ga motocin jama'a, saboda haka riƙon kwalta yakan canja daga rana zuwa rana, lokutan kuma su yi ta sauka har zuwa mintunan ƙarshe na gwajin neman gurbi. Abin da nake dubawa ranar Juma'a shi ne direban da ya fara matsawa kusa da shinge da wuri ba tare da ya daki ƙarfe ba, domin wannan ke nuna ya amince da motarsa.

Asabar ce ranar hukunci, domin a ranar ake gwajin neman gurbi, wanda ke tsara jerin da motoci za su tashi a tseren Lahadi. A 2024 motoci goma na farko sun gama a daidai jerin da suka tashi, bayan jan tutar da ya dakatar da tseren a zagayen farko ya ba kowa damar canja taya ba tare da asarar lokaci ba. A 2018 Daniel Ricciardo ya rasa kaso mai yawa na ƙarfin injinsa tun tseren bai yi nisa ba, amma Sebastian Vettel ya bi shi har ƙarshe bai samu ƙofar wucewa ba. Masu shirya gasar sun tilasta tsayawa canjin taya sau biyu a 2025 don su dagula lissafi, duk da haka Lando Norris, wanda ya tashi a gurbin farko, shi ya lashe.

Sai dai masu cewa gurbin farko tamkar kofi ne a hannu su ma sun wuce gona da iri, domin inda ba a iya wuce mota a titi, a gareji ake wuce ta. A 2015 Mercedes ta kira Lewis Hamilton canjin tayar da ba ya bukata yana kan gaba, Nico Rosberg ya tafi da nasara. A 2016 Ricciardo ya shiga gareji ya tarar ba a shirya tayoyinsa ba, Hamilton ya amfana. A 2022 Ferrari ta rikita lissafin Charles Leclerc yayin da titi ke bushewa bayan ruwan sama, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na huɗu, Sergio Pérez ya ci. Wannan ya sa natsuwar injiniyoyin da ke yanke shawara take da kaso babba a hasashena, musamman idan ana sa ran ruwan sama, kamar a 1996 da Olivier Panis ya taso daga gurbi na 14 ya lashe, motoci uku kawai suka kai layin ƙarshe.

Idan aka matsa mini in ambaci suna kafin a tayar da inji, Leclerc zan ambata don ranar Asabar. Ɗan garin ne, a titunan nan ya girma, ya kuma karɓi gurbin farko a 2021 da 2022 da 2024, har da shekarun da Ferrari ba ita ce mota mafi ƙarfi ba. Amma cikin ukun nan sau ɗaya kawai ya mayar da gurbin nasara, a 2021 ma bai tashi ba saboda lahanin da motar ta samu lokacin da ya daki shinge a gwajin. Saboda haka hasashena na Lahadi sai bayan an kammala gwajin Asabar, na ga wanda ke gefensa a sahun gaba da abin da masu hasashen yanayi suka ce.