Bob Hoover ba ɗan kasada ba ne

Jama'a, ina da magana a kan Bob Hoover, matuƙin jirgin sama ɗan Amurka, kuma na san wasu masoya jiragen sama ba za su yarda da ni ba. Duk inda aka ambaci sunansa sai ka ji ana cewa ai mutumin bai san tsoro ba, ya sayar da ransa. A ganina wannan yabon rage masa daraja yake yi. 'Yan kasada ba sa daɗewa a wannan sana'a. Shi kuwa an haife shi a Nashville a 1922, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aikin gwajin sababbin jiragen yaƙi, ya shafe shekaru masu yawa yana wasa da jirgi a gaban dubban mutane, sannan ya rasu a 2016 yana da shekara 94, ba a cikin jirgi ba.

Wanda yake son ya gane shi ya ajiye jiragen yaƙi gefe tukuna, ya dubi abin da yake yi da Shrike Commander. Wannan jirgi ne mai inji biyu na 'yan kasuwa, irin wanda manajoji ke shiga su je taro su dawo. Ba a ƙera shi don alkafura ba, kuma babu wani abin burgewa a siffarsa. Hoover zai shigo cikinsa da kwat da malafarsa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya hau sama, ya kashe inji ɗaya, ya yi wasa. Can sai ya kashe duka biyun. Kana kallo farfelolin nan za su tsaya cak, filin ya yi tsit sai shuuu na iska a jikin fiffike. A haka zai sulalo ƙasa ya tara gudu, ya ɗaga hanci ya yi alkafura cikakkiya, ya mirgina jirgin daki-daki har tsayawa takwas kafin ya daidaita, ya kewayo, ya taɓa ƙasa da taya ɗaya, ya ɗaga ya taɓa da ɗayar, sannan ya gangaro da sauran gudun da ya rage har gaban 'yan kallo ya tsaya. Inji bai sake tashi ba.

To ina kasada a nan? Lissafi ne tsantsa. Jirgin da aka kashe wa inji abu biyu kawai ya mallaka, tsayi da gudu. In ka sauko, tsayi ya koma gudu. In ka hau, gudu ya koma tsayi, kuma a kowace juyawa iska tana cin nata rabon da ba ya dawowa. Ka ja sitiyari da ƙarfi fiye da kima, ka yi asara. Hoover ya san abin da kowane motsi zai ci, ya san abin da zai rage masa a ƙarshe, kuma ya maimaita wannan wasa a fili bayan fili, shekara da shekaru. Sa'a ba ta yi wa mutum irin wannan biyayyar.

Haka maganar shayin nan da kowa ya sani, inda yake tsiyaya shayi mai ƙanƙara a kofi da hannu ɗaya alhali jirgin na mirginawa, ƙasa ta koma sama a tagar gabansa, ko ɗigo bai zuba ba. Duk wanda ya taɓa wulwula guga da ruwa a ciki yana yaro ya san sirrin: muddin juyin bai yi tangarɗa ba, ruwa na manne a gindin guga. Sanin sirrin daban, hannun da zai riƙe tan-tan na ƙarfe a sama ba tare da ya yi ko gezau ba daban. Janar Jimmy Doolittle na sojan saman Amurka, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne, ya ce ba a taɓa yin matuƙin da ya kai shi iya sarrafa jirgi da hannu da ƙafa ba.

Na yarda, a ƙuruciyarsa ya yi abin da dole a kira kasada. A Fabrairun 1944 Jamusawa suka harbo jirgin yaƙinsa samfurin Spitfire a gaɓar kudancin Faransa, ya yi wata 16 a sansanin fursunoni na Stalag Luft I. Daf da ƙarewar yaƙi ya tsere, ya saci jirgin Jamusawa samfurin Fw 190, ya tashi da shi har Holan. Amma wannan aikin fursuna ne mai neman kansa. A 1947 kuma shi ne ke biye da Chuck Yeager a sama ranar da Yeager ya zarce gudun sauti da jirgin Bell X-1, kuma ba a ba ɗan garaje irin wannan aiki.

Sai P-51 Mustang ɗinsa mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira Ole Yeller. Gaskiya ni a nan zuciyata take. Injin Merlin mai silinda 12 yana da wata ƙara da in ka ji ta sau ɗaya ba ka mantawa, gurnani ne da fito a haɗe. A tseren jirage na Reno ta Amurka, Hoover ne ke jagorantar masu tsere su jeru, ya sake su, sannan ya haye sama yana shawagi a kansu. In injin wani ya samu matsala, sai ka ga jirgin nan mai ruwan ɗorawa ya matso kusa da shi, Hoover na yi masa magana ta rediyo a natse har ya sauka. Wannan ɓangaren ba a cika yaɗa shi ba, don ba shi da armashin alkafura.

Akwai masu cewa a daina tashi da waɗannan tsofaffin jirage kwata-kwata, a kai su gidan tarihi. Ba na raina hujjarsu. A 2011 wani Mustang da aka yi wa gyare-gyare don tsere ya faɗa kan 'yan kallo a Reno, mutum 11 suka mutu har da matuƙin. A 2015 wani Hawker Hunter ya kasa kammala alkafura a Shoreham ta Ingila, ya faɗa kan babbar hanya, ya kashe mutum 11 da ba su ji ba ba su gani ba. A 2022 tsofaffin jiragen yaƙi biyu, B-17 da P-63, suka yi karo a Dallas, mutum 6 suka tafi. Duk da haka ni ina ganin su ci gaba da tashi, amma nesa da jama'a, kuma a hannun wanda ya san iyakar ƙarfen da ya haura shekara 80. Na Shoreham ya fi ci mini rai, domin bincike ya nuna jirgin ya kai ƙololuwar alkafurar ba tare da isasshen tsayi ko gudu ba, aka kuma ci gaba maimakon a fasa. Ainihin lissafin da Hoover ya gina rayuwarsa a kai ke nan.

Shi ma Hoover fa ya taɓa faɗuwa da jirgi. A filin Brown da ke San Diego wani yaro mai zuba mai ya cika masa Shrike da man jet, wanda kusan kananzir ne, maimakon fetur ɗin jiragen fistin, wato masu inji irin na mota. Jim kaɗan da tashi injuna biyu suka mutu, wannan karon ba da izininsa ba. Ya ci gaba da tuƙa jirgin har ya kai shi ƙasa, jirgi ya lalace, rayuka suka tsira. Da ya nemo yaron ya same shi cikin tashin hankali, sai ya ce masa shi yake so ya ci gaba da zuba masa mai, don ya tabbata ba zai ƙara wannan kuskure ba. Bai kuma bar maganar a kan yafiya kaɗai ba. Ya shiga fafutukar a sauya kayan aikin kansu: bakin tiyon man jet ya zama mai faɗi, a kuma sa zobe a bakin tankin jiragen fistin ya tsuke shi, yadda ko mai zuba mai ya kwana bai yi barci ba tiyon ba zai shiga ba. Masu harkar jirage a Amurka suna kiran bakin tiyon da zoben da sunan Hoover.