Famfo ɗaya mai ƙarfi ba ya wadatar da babban tankin murjani

Masu fara kiwon murjani a babban tankin gilashi kan ɗauka cewa famfo ɗaya mai ƙarfin gaske, wato injin da ke motsa ruwa a cikin tankin, ya isa. Ba haka ba ne. Murjani dabba ne da ba ya barin inda ya kafu. Ruwa ke kawo masa abinci da iskar shaƙa, ya kuma wanke masa dauɗa. A teku kuwa kai-kawo ruwan yake yi, ba ta fuska ɗaya yake zuwa ba.

Idan famfo ɗaya na feso ruwa kai tsaye, naman murjanin da ke gabansa kan saɓule har farin ƙashinsa ya bayyana, abin ban tausayi. Bayan duwatsu kuma ruwa na kwance, datti na taruwa, jan gansakuka na shimfiɗuwa a kan yashi.

Gara ka raba ƙarfin. Murjani mai tauri, irin su Acropora, yana son ruwan da famfo ke turawa a awa ya ninka yawan ruwan tankin kamar sau 30 zuwa 50. Sa famfuna biyu ko uku su fuskanci juna, ka ɗan karkata ɗaya sama don fuskar ruwan ta riƙa rawa. Sannan ka watsa garin abincin kifi ka zuba ido: lungun da ya je ya kwanta, can za ka juya famfo.