Mashigar Yawuri hanya ce, a daina neman ta ciyar da kanta

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wata magana ta zama ruwan dare a bakin jami'ai da masu sharhin tattalin arziki: kowace hukuma ta nemi abin da za ta ciyar da kanta. An faɗa wa jami'o'i, an faɗa wa asibitoci, yanzu kuma ta gangaro bakin ruwa. Wai idan ana son kwata mai kyau da jirgin fito mai ɗaukar motoci a wurare irin su Yawuri ta jihar Kebbi, to masu jiragen ruwa da fasinjoji su biya ta hanyar kuɗin tasha, gwamnati ba ta da sisin da za ta zuba. A lokaci guda kuma, a watan Afrilun 2025, ministan harkokin teku da tattalin arzikin ruwa Adegboyega Oyetola ya ƙaddamar da rabon rigunan ceto 42,000 ga jihohi 12. Rigar ceto abu ne mai kyau, tana tsirar da rai. Abin da ya dame ni shi ne an ɗauki mafi araha cikin aikin an yi masa biki, an bar mai tsadar a wuyan talakan da ke tsallaka Kogin Kwara da buhun shinkafarsa.

Duk wanda ya san yankin ya san cewa daga gadar Tuga a ƙasar Bagudo har zuwa madatsar Kainji babu inda mota za ta haye kogin a kan kwalta. Mutanen Rofiya da Agwara a jihar Neja, kasuwarsu da asibitinsu da dangin aurensu suna wannan ƙetaren. Mutanen Yawuri da Ngaski kuma da yawa gonakinsu suna can. Jirgin fito a nan shi ne gadar. Shin an taɓa cewa gadar Tuga ta kawo ribar shekara, in ba haka ba a daina gyara ta? Daga kasafin kuɗi ake gina ta, daga nan ake gyara ta, domin amfaninta yana bayyana a farashin albasa da kifi da shinkafa, da kuma mai naƙudar da ta isa asibiti da rai. Me ya sa da zarar hanya ta zama ta ruwa sai a ɗauko ma'aunin ɗan kasuwa?

Masu wannan ra'ayi ba su yin lissafin abin da kuɗin tasha mai tsada ke haifarwa. Mai jirgi yana sayen mai da tsada, yana biyan rajista, yana biyan ƙungiya, yana biyan na ƙaramar hukuma, a wasu wuraren ma da wanda ba shi da rasit. Idan aka ƙara masa wani, hanya uku ke gabansa. Ko ya ƙara wa fasinja kuɗin fito, alhali fasinjan ba shi da shi. Ko ya ƙara lodi, jirgin da ya kamata ya ɗauki mutum 60 ya ɗauki fiye da 100, da babura da buhuna a kai. Ko kuma ya ƙaurace wa tashar gaba ɗaya ya koma wata mashiga a bayan gari, ya riƙa tashi da asuba ko bayan magariba, lokacin da babu jami'in da zai ƙirga kawuna. Biyu na ƙarshen su ne ke cika maƙabartu.

Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah ta ƙasar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar kogi da mutane fiye da 150 a ciki. Ba mu manta da manoman da ruwa ya ci a ƙasar Koko/Besse a farkon 2023 ba, ko 'yan kasuwar da suka nutse a hanyar Yawuri a watan Oktoban 2023. Maƙwabtanmu na Gummi a Zamfara sun ga irin wannan ranar a watan Satumban 2024. Galibi bayanin ɗaya ne: lodi ya yi yawa, jirgin katako ya tsufa, an yi karo da kututture. Kututturan da ke tafkin Kainji kuwa na itatuwan da ruwa ya shanye ne tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Wutar lantarkin ta tafi birane, kututturan suka zauna da mu. Yanzu kuma a ce mu za mu biya kuɗin cire su?

Akwai kuma batun wanda ke karɓar kuɗin. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta haɗa NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida, da jihar Legas, ta ce ikon ba da lasisi da karɓar haraji a hanyoyin ruwan cikin gida na gwamnatin tarayya ne. To madalla. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kuɗin na NIWA mai hedikwata a Lokoja ne, sai mu ga yashe hanya, mu ga alamomin ruwa, mu ga matakalar siminti mai tsawon da mota za ta iya gangarawa ko ruwa ya cika ko ya janye, domin tafkin Kainji yana hawa da sauka kowace shekara, kuma kwatar da ba a gina ta da wannan lissafin ba rabin shekara take aiki. Ita ma gwamnatin Kebbi hukuncin bai wanke ta ba. Bai hana ta sayen jirgin fito ba, bai hana ta shimfiɗa hanyar da ke kaiwa bakin ruwa ba.

Za a ce ai tashar jiragen ruwa ta Baro a jihar Neja ta nuna kuɗin gwamnati a bakin kogi asara ne, tunda an kashe mata wajen naira biliyan 6, aka buɗe ta a Janairun 2019, ta zauna shiru. Baro an gina ta ana jiran kaya su zo, babu hanyar kirki da za ta kawo su. A Yawuri mutane da motoci suna tsaye a bakin ruwa tun kafin a haifi masu wannan maganar. Masu cewa a miƙa wa ɗan kasuwa kuwa, ɗan kasuwa zai yi fito ranar kasuwa ya ɗaure jirginsa sauran ranaku.

Ban ce a soke kuɗin tasha ba. A bar shi ya zama guda ɗaya, mai sauƙi, a rubuce a allo, da rasit. Tirela da motar kaya su biya daidai nauyinsu, mai tafiya a ƙafa da ɗalibi da motar asibiti a sassauta musu. Abin da aka tara ya tafi ga mai da ƙananan gyare-gyare a wannan tashar, a riƙa liƙa lissafinsa inda sarkin ruwa da shugabannin masu jirage za su gani. Ginin kwata da sayen jirgi da albashin ma'aikata kuwa aikin kasafin kuɗi ne, na tarayya da na jiha, tare da hukumar HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin da madatsun wuta suka shafa. Kebbi da Neja su zauna su raba nauyin, tunda mutanensu ne a gaɓa biyun.

'Yan majalisarmu na Kebbi ta Kudu, a Abuja da Birnin Kebbi, su buɗe kasafin bana su nuna mana layin da aka rubuta jirgin fito na Yawuri da adadin kuɗinsa. Idan babu shi, su faɗa mana dalili kafin damina ta gaba.