Ni da kilishin Madawa da madam ɗin likita

Uwargida ta tahi biki Ƙonni ran asabar ta bar mini Auta, kun dai san shi da gujiya ba su shiri tun yana shekara 2. Har ta hau mota tana leƙowa ta taga tana cewa Baban Auta don Allah ban da gujiya, na ce haba sai ka ce yau na fara haihuwa. La'asar na yi wani abokina ya iso daga Madawa da tsarabar kilishi na jikka 2, munka zamna ni da yaro munka buɗe takarda.

Ba a yi minti 20 ba na ga yana susar wuya, na ce sauro ne. Can na duba leɓensa na sama ya yi suntum, ido guda ya kusa rufewa, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu irin na borin jini. Ko takalmi ban tsaya nema ba, silifas ɗin wanka na zura, ƙafa guda nawa ƙafa guda na uwargida, na tare kabu-kabu sai likita.

To nan ne abin ya faru. Wurin cike da mata, ni kaɗai ne namiji sai mai kabu-kabun da ya biyo ni ciki wai jiran kuɗinsa. Madam ɗin ta amshe yaro da sauri ta duba harshensa, ta saurari numfashi, ta tambaya ya yi amai? muryarsa ta canza? yana tari ko shaƙewa? Na ce a'a. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ba shi siro, ta ce mu zamna sai an ga yadda zai kasance don abin yakan lafa ya sake tasowa. Sannan ta juyo kaina. Yana da alerji? Na ce eh, na gujiya, har da gyara murya irin ta uban da ya san ɗansa. Mi ya ci? Na ce wallahi bai ci gujiya ba. Ta sake tambaya, na sake rantsuwa, har na ɗaga yatsa sama na ce madam ni ne hwa ubansa, gidana ko ƙuli-ƙuli ba ya kwana. Sai Auta da wannan leɓe nasa kamar na raƙumi ya buɗe baki ya ce Baba ya ba ni kilishi.

Shiru. Madam ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi silifas, ta ce Alhaji, jan abin nan da ake shafe kilishi da shi, da mi ake yinsa? Na ce yaji. Ta ce da mi kuma? Wata tsohuwa can bayan banci ta amsa mini, tunkuza ɗana, tunkuzar gujiya! Mata sunka kwashe da dariya har mai goyo na riƙe ciki. Shekarata 41 ina cin kilishi, kakata ma sana'ar ƙuli ta yi, amma ranar nan kaina bai taɓa haɗa biyun ba. Kuma madam ba ta ƙyale ni ba, gaban kowa ta sa ni lissafi kamar ɗan lakwal, yajin tsire akwai ƙuli, kwaɗon zogale akwai ƙuli, ƙosai da an soya da man gujiya na gida shi ma a kiyaye, ina faɗi tana gyaɗa kai. Ta ce siron nan ƙaiƙayi da kumburin fata kawai yake kwantarwa, ranar da harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya riƙa fita da ƙara, ko yaro ya yi laushi, allurar adirenalin ce a cinya kuma ba a jira, a taho da gudu. Tsohuwar ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba, madam ta ce Inna kul, a gida ba a wannan gwaji, na madara da na ƙwai yara da yawa suna girma su rabu da shi amma na gujiya yawanci yana bin mutum.

Amma ni duk ba wannan ya ƙona mini rai ba, mai kabu-kabun nan ne. Na ba shi dala ɗari tun da munka shiga, tafiyar da ba ta kai haka ba, ya amshe ya ƙi tahiya, ya jingina da ƙofa yana kallo kamar an kunna mishi tele. Da tsohuwa ta ce tunkuza har tafi ya yi. Kafin magariba labari ya riga ni isa fada, ina zuwa mai shayi ya ce a ba Alhaji Tunkuza kujera. Ashe mai kabu-kabun ƙanen matar maƙwabcinmu ne, wanda ya ari caja ta tun azumi bai maido ba, yanzu na gane shi.

Auta dai ya sabe kafin isha'i, ya kwana lahiya. Uwargida kuwa tun tana Ƙonni anka kira ta, ban san wa ya ba su lambarta ba. Sauran kilishin na sa saman firiji, da na dawo ban tarar da shi ba.