Wa ke tambayar abin da ke ƙarƙashin titi?

Tun da David Umahi ya zama Ministan Ayyuka a 2023 ya ce shi titin kankare yake so, gari ya rabu biyu, ga 'yan kwalta ga 'yan kankare, kullum ana tafka musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya ka ji wani ya tambayi abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashi, alhali daga can ɓarna take farowa.

Don Allah wanda ke kusa da inda titi ya fashe ya tsaya ya leƙa ramin. Kwaltar ba ta wuce kaurin 'yan yatsu ba. A ƙasanta jar ƙasa ce, in ka damtsa sai ta marmashe a hannunka. Ruwan Agusta ya sulale ta tsaga, babu magudana balle kwalbati, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, tirela mai lodin da ya wuce ƙa'ida ta bi ta kai. Shi ke nan, sai a dawo da faci, baɗi ma haka.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin maganin. Ana cakuɗa jar ƙasar da siminti ɗan kaɗan, galibi kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, bayan an gwada ta a ɗakin gwaji. A yayyafa ruwa daidai misali, rola ta danne cikin kamar awa 2 kafin simintin ya fara kamawa, sannan a riƙa jiƙa wurin har kwana 7. Nan ne amana take shiga, jama'a. In aka rage buhu, aikin banza ne. In aka zabga da yawa, shimfiɗar ta yi tauri ta tsattsage. In tankar ruwa ta daina zuwa tun kafin mako ya cika saboda ana sauri a buɗe hanya, an zubar da kuɗin al'umma, kuma babu mai gani tunda kwalta ta rufe komai.

Baƙar lakar nan ta wajen Dikwa zuwa Gamboru Ngala, mai kumbura da damina ta dare da rani, ita laim, wato garin farin dutsen da aka gasa, ta fi so kafin a zo maganar siminti.

Kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maginan Kano da Zariya sun san ƙasa zalla ba ta jure ruwa, shi ya sa suke sa makuba ta kwasfar ɗorawa, suke haɗa laso, wato shafen bango mai hana ruwa shiga, da katsin marina da gashin jima da dafara. Gyara ƙasar da ke gabanka ya fi ɗauko wata daga nesa.

Ban ƙi kankare ba. Hanyar Obajana zuwa Kabba da ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda manyan motoci ke bi dare da rana, sun cancance shi. Amma hanyar ƙauye da ake fito da masara da tumatir fa? Simintin da zai yi kilomita ɗaya na kankare zai gyara ƙasar hanya mai tsawon da ya ninka haka. Ga shi sai an gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a sami siminti, har masana'antarsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Ga kuma talaka mai ginin ɗaki biyu, kasuwa ɗaya suke sayen buhu shi da ɗan kwangila.

Sannan ɓuntun shinkafa na nan tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kano da Kebbi da Jigawa, ana cinna masa wuta. In an ƙona shi yadda ya kamata, tokarsa na maye gurbin wani kaso na siminti, kuma jami'o'inmu sun yi bincike a kai.

Abin da nake roƙon gwamnoninmu, allon da ake kafawa a bakin aiki ya ƙunshi kaurin kowace shimfiɗa, da kason simintin da aka amince a zuba, da ranar gwaji. A bar masu unguwa da matasan gari su riƙa ƙirga buhunan da aka sauke.