Ga Matasan da Aka Zaunar Gaban Kwamfutar Gwamnati

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da Allah Ya ba aikin gwamnati a 'yan shekarun nan, aka zaunar da ku gaban kwamfuta saboda an ce ku ne kuka iya ta. Fayil ɗin talaka ya bar kabad ya dawo hannunku, shi ya sa nake son mu yi magana.

Kun san yadda aka faro. A 2007 gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin IPPIS don albashi ya riƙa shiga asusun ma'aikaci kai tsaye. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, a 2015 kuma aka tilasta wa ma'aikatu zuba kuɗin shiga a asusun bai-ɗaya na TSA. Da aka gwada jerin masu karɓar albashi da BVN, sai ma'aikatar kuɗi ta sanar a farkon 2016 cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000, waɗanda ke laƙume fiye da naira biliyan 2 kowane wata. Na'ura ce ta tona asirin, ba musu. To amma wa ya shigar da sunayen tun farko? Ma'aikaci ne ɗan'uwanmu, mai tebur da kujera, mai iyali a gida. Kujerar da ya zauna a kai, irinta ce aka ba ka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar nan ta "babu netwok". Dattijo ɗan fansho ya baro ƙauyensu da asuba, ya ranto kuɗin mota, takardunsa na ƙunshe cikin leda a aljihun babbar riga. Ya yi layi har azahar, ya iso gabanka, ko ɗaga kai ba ka yi ba ka ce, "Baba, yau babu netwok, sai jibi." Bai kai bakin ƙofa ba wani ya miƙo na goro ta bayan tebur, nan take netwok ya dawo. Wallahi ɗan'uwa, wannan zalunci ne, kuma ya fi na da muni, domin da can tsohon zai iya cewa a duba masa fayil ya gani da idonsa. Yanzu allon yana fuskantarka kai kaɗai, abin da ka faɗa masa shi zai ɗauka. Na san wani lokaci da gaske ne, an ɗauke wuta, janareta ba mai, sabar, wato babbar na'urar da ke riƙe bayanan, ta tsaya. Idan haka ne ka faɗa masa gaskiya, ka karɓi lambar wayarsa ko ta ɗansa, ka kira idan abu ya daidaita. Kira ɗaya zai hutar da shi asarar kuɗin mota da wunin banza.

Sai rubuta suna. Mu nan mun fi kowa shan wahalarsa: Muhammad a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), Mohammed a banki, Muhammed a takardar makaranta. Rukayya ta koma Rakiya, wadda ba ta riƙe ranar haihuwarta ba a danna mata 1 ga Janairu a wuce. Kai minti biyu ka yi kana gaggawar rage layi, ita kuwa watanni za ta yi tana zarya tsakanin kotu da banki da ofishin gyara, tana biyan kuɗin rantsuwa. Tun 2021 ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da NIN, ka ga harafi ɗaya zai iya cinye wa yaro shekara guda. Don Allah kafin ka tura, ka karanta wa mutum abin da ka rubuta, harafi bayan harafi, ka gwada da takardar da ya zo da ita.

Lambar sirrinka kuma kada ka ba kowa, ko da oga ne. Duk abin da aka shigar da ita, da sunanka aka rubuta shi, da rana da lokaci. Ranar da masu bincike suka zo, wanda ya ce "ara min in ɗan duba wani abu" ba zai tsaya kusa da kai ba.

Idan tsarin ne ya yi kuskure, kada ka rufe don tsoron faɗan manya. A jarrabawar JAMB ta 2025 matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa laifi, aka sake wa yaran jarrabawa. Ɓarna ta riga ta auku, amma da an yi shiru, da yaran sun tafi da makin da ba nasu ba, iyaye na zaginsu a gida. Kai da ke zaune gaban allo, kai ne ka fi kowa saurin ganin alƙaluma sun karkace. Ka rubuta, ka kai sama, ka ajiye kwafi.

Kuma ku daina jiran sai an ba da kwangilar miliyoyi kafin ku kawo gyara. Jadawali ɗaya a Excel mai nuna takardar da ta shigo, teburin da take, da kwanakin da ta yi a can, ya isa ya fallasa inda aiki ke maƙalewa. Takarda a manne a ƙofa mai bayyana abin da za a zo da shi, da cewa rajistar kyauta ce idan kyautar ce, za ta kashe kasuwar 'yan kamasho da ke tsaye a bakin get. Tsofaffin ma'aikatan da kuke yi wa kallon ba su waye ba, su suka san dokokin aiki da yadda ake rubuta wasiƙar da ba za a dawo da ita ba. Ku zauna da su bayan la'asar, ku nuna musu yadda ake buɗe imel da ajiye fayil, su kuma ku tambaye su abin da ya sa takarda take bi ta teburi kaza kafin a sa mata hannu.